Kujerar Tsugunno a Banɗakin Malam Saleh

Malam Saleh Dallatu mutumin Ningi ne, amma idan ka tambaye shi sai ya ce maka shi ɗan Abuja ne, sai ka ce a nan aka yanke masa cibi. Ya sauka a tashar Zuba shekara biyu bayan dawowar mulkin farar hula, da takardar difloma a cikin ambulan da 'yar jaka guda. Ya samu aiki a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikatar tarayya, kuma har yau ba a taɓa jin fayil ya ɓata a hannunsa ba. Mutum ne mai son kowane abu a mazauninsa. Ko takalmansa a jere suke kwana.

Shekara bakwai ya yi a wani gidan haya a Zuba, ɗaki goma sha biyu, shadda ɗaya. A nan ya auri Rahmatu, a nan aka haifa musu Tawfiq. Kullum da safe sai ya bi layi da buta a hannu tsakanin direbobi da 'yan dakon lemo, yana rantsuwa a zuci cewa ranar da Allah ya buɗa masa, shi da tsugunno har abada. Da aka yi masa ƙarin girma ya koma wani bene a Jabi, baƙo ba ya shan ruwa sai an fara kai shi ya ga banɗaki. Masai ne na tangaran, na zama, fari tas, ka danna ruwa ya zubo.

Wani ɗan'uwansa da ya zo daga gida ya hau kan masan da ƙafa biyu ya tsaga murfin. Daga ranar Malam Saleh ya kafa doka: a gidan nan ba a tsugunno. Har 'yar kujerar tsugunnon da mahaifiyarsa ta bai wa Rahmatu don girki, sai da ya kore ta zuwa baranda, wai tana ɓata tsarin gida. Wata safiya ya tura ƙofa ya tarar da Tawfiq, lokacin yana shekara biyar, ya ɗare bakin masan kamar kaza a kan katanga. Ya daka masa tsawa, yaron ya zame, ƙafarsa ɗaya ta faɗa cikin ruwan. Ya wanke shi, ya zaunar da shi irin zaman 'yan boko, ƙafafunsa suna reto, ya ce haka ake yi. Kafin ya isa ofis ya manta da zancen.

Wajen wata takwas bayan haka Rahmatu ta fara ganin ɓaci a gajeren wandon yaron. Ba mai yawa ba ne, ɗan ruwa-ruwa ne, amma kusan kullum. Kowa ya gani ya ce gudawa ce, mai kemis ma ya ce gudawa ce, ya ba da maganin tsayar da ita. Aka hana Tawfiq lemo da gwanda da mangwaro, aka ɗora shi kan burodi da farar shinkafa. Abin mamaki, sai abin ya ƙaru.

A nan kan Malam Saleh ya ɗaure. Wace irin gudawa ce babu zazzaɓi, babu rama, ciki ma sai ƙara fitowa yake yi? Yayar Rahmatu ta ce basir ne, aka jiƙa sassaƙe. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, aka karɓo rubutu. Shi kuwa ya yi abin da ya iya: ya buɗe wa matsalar fayil, yana rubuta rana da lokaci da inda abin ya faru, ko zai gano bakin zaren. Shafi ya bi shafi, bai gano komai ba. Idan ya tambayi yaron me ya hana shi zuwa banɗaki, amsar guda ce kullum: "Baba, ban ji ba."

Wannan amsar ce ta fi ƙona masa rai. Yaya mutum zai yi bayan gida a jikinsa ya ce bai ji ba? Ya yanke hukunci cewa ganganci ne da ƙarya, ya fara zare bel. Tawfiq ya koyi ɓoye wanduna a bayan kwaba da ƙarƙashin katifa, wari ya riƙa tona shi, a sake dukansa saboda ɓoyon. Rahmatu takan shiga kicin ta yi kukanta. Shi ma Malam Saleh ba daɗin abin yake ji ba, don yana son ɗan nan kamar ransa, amma bai san wata hanyar ba.

Ana haka Madam Christina, shugabar makarantar kuɗin da Tawfiq yake aji ɗaya, ta aika a kira shi. Cikin ladabi ta gaya masa yara sun daina zama kusa da ɗansa, iyaye biyu sun kawo ƙara, kuma idan ba a samu canji ba kafin ƙarshen zango, sai dai ya riƙe shi a gida. Saura mako shida. Bayan masan tangaran, babu abin da Malam Saleh yake tinƙaho da shi kamar wannan makaranta. Ya fito daga ofishin.

A bakin ƙofar shiga wata dattijuwa da tsintsiya a hannu ta tare shi. Lucia ce, mutuniyar Kafancan, mai share banɗakunan makarantar, wadda ita ke wanke Tawfiq duk ranar da abin ya faru. Ta ce masa ta yi shekara goma sha ɗaya tana shara a ɗakin yara na wani asibiti, ta ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Makullin banɗaki a hannunta yake, kuma tun da yaron ya shigo makarantar bai taɓa zuwa ya karɓa ba.

"Oga, ba gudawa ba ne," in ji ta. "Cikin shi ta cika, ta ƙulle. Yaushe rabon da ka ga ya yi kashi mai kyau?"

Fayil ɗin Malam Saleh ya kai shafi ashirin da uku, amma babu layi ɗaya da ke amsa wannan tambaya. Ya yi mata godiya sama-sama, yana cewa a ransa mai shara ce za ta koya masa rainon ɗansa. Amma maganar ta bi shi har gida, kuma da ya tambayi Rahmatu, ita ma ba ta iya tunawa ba.

Likitar da suka gani washegari ta danna cikin yaron ta kama hannun Malam Saleh ta ɗora a wurin. Tauri ya ji kamar dutsen guga. Ta yi masa bayani dalla-dalla: yaro idan ya ji zafi ko tsoro yakan riƙe bayan gida, abin ya taru ya sandare, hanji ya buɗe har ya daina sanar da shi komai, sai mai ruwan ya riƙa zagayowa ta gefe yana fita ba da saninsa ba. Ta rubuta maganin da zai sassauta cikin, ta ce za a daɗe ana sha, watanni, kada a daina don an ga sauƙi. A dawo masa da gwanda da lemo da ruwa, a zaunar da shi 'yan mintoci bayan cin abinci, kuma a ajiye bel.

Malam Saleh ya sake ruɗewa. Maganin sakin ciki ga yaron da cikinsa ke zuba? Wato duk abin da suka yi shekara guda, a baibai suka yi shi? Likitar kuwa sai ta juya ga Tawfiq ta tambaye shi a hankali me ya sa ba ya son shiga banɗaki. Yaron ya saci kallon ubansa.

"Baba ya ce ba a tsugunno. Ni kuma in na zauna ƙafata ba ta kai ƙasa, ba ya fita. Kuma ina tsoron faɗawa."

Ranar, ko hula bai cire ba, Malam Saleh ya wuce baranda ya ɗauko kujerar tsugunnon mahaifiyarsa, ya wanke ta da omo, ya ajiye ta a gaban masan tangaran don yaron ya ɗora ƙafa. Ya kai wa Madam Christina takardar likita da hannunsa, ta yarda a ƙara wa Tawfiq zango ɗaya, Lucia kuma ta ce za ta riƙa kiransa da kanta bayan an ci abincin tara.

Sauƙin bai zo da gudu ba. A mako na biyu abin ya sake faruwa bayan la'asar. Malam Saleh yana zaune a falo sai ga Tawfiq ya fito daga ɗaki, ya tsaya a gabansa, ya miƙo masa bel da hannu biyu, tun ba a tambaye shi ba. Malam Saleh ya daɗe yana kallon bel ɗin. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a layin shaddar Zuba. Ya karɓa ya ajiye, ya kama hannun yaron suka shiga banɗaki, ya wanke shi da kansa.

Sai a wata na uku, wata Asabar bayan an sha koko, Tawfiq ya bar wasansa ya ruga banɗaki ba wanda ya aike shi. Can ya kira daga ciki: "Baba, yau na ji."

Tawfiq ya gama firamare a wannan makarantar. Malam Saleh yana nan a ɗakin fayil, ya yi furfura, kuma har yanzu yakan nuna wa baƙi banɗakinsa. Idan wani ya tambayi me tsohuwar kujerar girki take yi a gaban masai, sai ya ce a bar ta, nan ne mazauninta.