Idon Malam Maharazu

Shekara ashirin da bakwai Malam Maharazu ya yi yana leƙen kakin mutane a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Dutse, bai taɓa yamutsa fuska ba. Ɗan Kafin Hausa ne, ya zo garin tun jihar tana rarrafe. Aikinsa ya shafa kakin mai tari a ɗan gilashi, ya zuba jan rini, ya wanke, ya jera a bakin taga su sha rana, sannan ya duƙufa kan madubin ƙara girma yana farautar ƙwayar tarin tibi. Wani sai ya yi rabin awa bai ga komai ba, shi kuwa ko guda uku ne a gilashin sai ya tono su. Likitoci ba sa cewa a kai gwaji, cewa suke a kai wa Mai Ido. Bai gina gida ba, bai sayi mota ba, sunan nan shi ne abin da ya tara.

Sai ga Mu'minatu. Yarinyar da shi ya koya wa riƙe gilashi aka tura kwas Kano, ta dawo da sabon madubi da wani rini ruwan ɗorawa. Rinin manne wa ƙwayar yake, da an haska shuɗin haske sai ta ɗau ƙyalli kamar idon kyanwa a duhu. Abin da Malam ke shafe minti ashirin a kai, ita minti biyu ta gama.

Kishi ya kama shi, ba na wasa ba. Da ya ji ana "Ina Mu'minatu?" a baranda sai shayinsa ya ƙi wucewa. Ya riƙa cewa ai wannan ko makaho ya gani. Ranar da ta tara ma'aikata za ta koya musu ƙa'idar sabon rinin, sai ya tuna yana da ta'aziyya a Garki. Babu wanda ya rasu masa a Garki.

Wata Laraba ta rina gilasai shida, ta rufe su a kwali, aka kira ta taro. Malam ya buɗe, ya ga danshi, ya ja tsaki: yaran zamani, ko shanya ba su iya ba. Ya jera su a taga, da suka bushe ya mayar mata. Ta dawo ta duba, duhu kawai. Ta rubuta babu a duka shidan, har da na Ahmadu, wani manomi da tari ya tsotse.

Malam ya ji tarin mutumin daga baranda, ya san da sake. Ya ɗauko gilashin Ahmadun ya maimaita da jan rini. Ga ƙwayoyin nan birjik. Daɗin da ya ji, Allah ya yafe masa, ba don Ahmadu ba ne. Ya kai wa Dokta Zuhair har yana tuntuɓe, likita ya ce ya kira masa Mu'minatu.

A hanyarsu ta zuwa wurin likita ta rage murya ta ce, "Baba, ko wani ya buɗe kwalin nan?"

"Ni ne. Na shanya miki su, a jiƙe kika bar su."

"Rana kashe ƙyallin take, Baba. Da shi na fara bayani ranar da ka tafi ta'aziyya."

Sun riga sun iso ƙofar likita.

"Kuskurena ne, Dokta," in ji ta. "Ban adana su yadda ya kamata ba. Zan kira sauran biyar ɗin su kawo wani kakin."

Likita ya wanke ta tas, sannan ya juyo. "Malam, da ba don kai ba, da mun sallami bawan Allahn nan ya je ya ƙarasa a gida. Daga yau duk babun da ta rubuta sai ka sa hannu."

Wata takwas ke nan tun dawowarta daga Kano yana jiran ya ji irin wannan magana. Gaskiya ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta, ya ce, "To, Dokta."

Mu'minatu ta riƙe masa ƙofa ya fara fita. Bai taɓa jin haushinta kamar ranar ba.