Zaren da Na Jiƙa a Makuba

Da kakar bana shekara talatin ke nan da aka kai maigidana makwancinsa a nan Kankia. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara da tsufana ba. Mutanen filin dambe Guduma suke ce mashi, da sunan nan za ku gane shi in kun san shi. Ni ban taɓa shiga aji ba. Ɗiyata Binta ce ke riƙe da biro, na kuwa gaya mata abin da ya fito bakina shi za ta sa, kada ta gyara mani magana don ta rufa mani asiri.

Ɗakina yana jikin zaure, kunnena kuma bai mutu ba. Kullum bayan la'asar ɗana Sani da abokansa, duk masu furfura, sai su baje tabarma su ɗauko gardamar da ba ta ƙarewa: wa ya fi wa nauyin hannu? Wani ya ce ƙartin baƙar fatan nan na Amurka da ake jin dambensu a rediyo muna matasa, su ne masu naushi, na yanzu kwalliya ce kawai. Wani ya ce ina, na yanzu sun fi tsawo sun fi ƙiba, har abincinsu aunawa ake yi. Wani ya zaro waya ya nuna masu wata na'ura da ake nausa ta faɗi ƙarfin mutum. Daga damben safar hannu su gangaro namu na gargajiya. Ko ta ina suka bi, wuri ɗaya suke sauka. Sai ka ji wani ya ce, “Ku bar zancen nan haka. Wanda bai ga naushin da Guduma ya yi wa Sale na Bauranya ba, bai ga naushi ba.” Su kwashe da dariya. Alhali babu ko ɗaya cikinsu da ya gani. Sani ma ko cikinsa ban ɗauka ba a lokacin.

Watan jiya wasu masu shirya dambe suka zo neman izini, za su sa sunan Guduma a jikin kofi saboda naushin nan. Sani ya shigo yana fara'a. Na ce ban yarda ba. Ya ce, “Haba Iya, don me?” Na ce zai ji. Tau, ga shi yau zai ji, shi da ku gaba ɗaya.

Ni ma ban ga naushin ba. Matar aure ba ta zuwa fili a wancan zamani. An kawo ni gidansa a shekarar da aka sauke tutar Turawa, shi mahauci ne a kasuwa, ɗan mahauta, dambe kuwa gadonsu ne. In an gama girbi, kalangu ya tashi, sai su bi ƙauyuka. Duk damben da ya yi ban ga ko turmi ɗaya ba. Amma ni ke kaɗa abawar da ake tufka zaren da ake naɗe mashi hannu, ni ke ɗora ruwan zafi in ya dawo, ni ke gasa hannun. Maza suna auna naushi da wanda ya faɗi. Ni da hannun wanda ya yi naushin nake aunawa, kwana nawa zai yi bai iya yanko tuwo da shi ba.

Sale manomi ne daga Bauranya ta wajen Kusada, dogo, mai yawan dariya, kuma abokin maigidana ne. In ya shigo kasuwa a rumfarsa yake ajiye kaya. Wata kaka suka haɗu a fili, Sale ya kashe shi a turmi na biyu. Kisa a dambe shi ne a kai mutum ƙasa, ba wani abu ba. Aka kawo mani shi ido ɗaya a rufe, leɓe kamar an hura. Shi bai damu ba, yana ta dariya da rabin baki yana cewa, “Manomin nan ya ci hatsi bana.” Ni ce na damu. Shekara guda cur in na je rijiya sai matan unguwa su rage murya, ko wata ta ce, “Amarya, ya jikin Gudumar? Ko ƙotar ce ta karye?” Ina da ƙuruciya, ina da zuciya. Ban tanka wa kowa ba, na haɗiye.

Da kaka ta zagayo aka ce za su sake haɗuwa a Kankia ranar kasuwa. A satin nan muna yi wa ɗakin surukata daɓe. 'Yan yanzu da suka tashi a kan siminti ba su san makuba ba. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa a tukunya har ruwan ya yi ja, a yayyafa a ƙasa ana bugu da madaɓi. In ya bushe sai ƙasar ɗaki ta koma kamar dutse, ko ruwa ba ya ratsa ta. Ina tsugune gaban tukunyar nan, sabon zaren maigidana yana rataye a igiya, na dubi wannan na dubi wancan. Babu wanda ya ba ni shawara. Na sauke zaren na tura shi cikin tukunya, na ƙara ƙaro mai danƙo, na bar shi kwana biyu. Ranar dambe na matse shi, na turara shi da turaren wuta don wari, na miƙa mashi da ɗanyensa. Ya ga ya yi ja ya ce, “Har da rini aka yi mana?” Na ce i.

Dattawan fili sukan taɓa hannun kowa kafin a fara, don kada a ɓoye wani abu cikin naɗi. Da suka taɓa nashi yana da laushi, tunda bai bushe ba. Sai dai manyan 'yan dambe ba su shiga da wuri. Ya zauna a rana tun azahar har bayan la'asar, zaren na bushewa a hannunsa.

Daga tsakar gida na ji ihun da aka yi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai ihun ya yanke gaba ɗaya, kalangu ma ya yi shiru.

Ya shigo gab da magariba shi kaɗai, ba makaɗi ba 'yan rakiya. Zaren ya ƙi kwantuwa, sai da wuƙar fawa ya yanka shi. Ƙasusuwan yatsunsa biyu sun nutse ciki. Na kawo ruwan zafi, ya tsoma hannun da guntayen zaren da suka manne a fata. Ruwan ya yi ja, ba jan jini ba, tururi ya taso da warin da duk ɗan ƙauye ya sani. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Ya ɗago ya dube ni. Na jira ya tambaya, na jira mari, na jira saki. Abin da ya ce kawai, “Ƙaro ruwa, wannan ya huce.”

Sale bai mutu ba. Muƙamuƙinsa ya karye, kunne ɗaya ya mutu, ɗayan sai an yi ihu a ciki, hannun dama ya kama rawa har bai iya riƙe fartanya. Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka. Maigidana bai sake shiga fili ba. Duk damina, ruwan shuka na sauka, sai ya ɗaure kayan aiki a keke ya nufi Bauranya. Sai ya shuka gonar Sale kafin tamu, ya nome ta kafin tamu. Akwai shekarun da gerona ya makara saboda haka. Ni da bakina ba ya raga wa kowa, a kan wannan ban taɓa cewa uffan ba.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, siminti ya fara isowa da motoci, maigidana ne na farko a layinmu da ya shafe ɗakuna da shi. Mutane suka ce mahauci ya samu wuri yana nuna isa. Ni na san dalili. Tun ranar nan in ana daɓe a maƙwabta ba ya iya zama gida. A shekarun ne kuma aka riƙa taruwa a rumfarsa ana sauraron damben ƙasashen waje a rediyo. An ce in maza suka tashi tsaye suna ihu an kayar da wani, shi sai ya ci gaba da gyaran nama, can ya ce, “Wanda ya faɗin fa, yana da iyali?” Su yi mashi dariya.

Ina tunanin abin da zai ce da ya ga yau, ana dambe ƙarƙashin fitilu, ana ba da mota, mata na zaune suna tafi, yara na maimaita faɗuwar mutum sau goma a waya suna ƙyaƙyatawa. Ba na jin zai zagi kowa, ba halinsa ba ne. Tambayar nan tasa dai zai sake yi, kuma ba na jin akwai mai amsa.

Mun yi shekaru da yawa bayan haka, na haifa mashi bakwai, bai taɓa ɗauko zancen ba ko cikin faɗa. Ni ma ban ɗauko ba. Na ce gobe, na ce in yara sun girma, na ce in mun dawo daga Makka. Da ciwon ajali ya kama shi na zauna gefensa da maganar a bakina, sai ya ce in gyara mashi matashi. Na gyara. Da safe ya cika.

Bayan masu kofi sun tafi na kasa cin abinci. Na buɗe adakata na ciro guntayen zaren, don ban taɓa yar da su ba, na ce Binta ta kai ni Bauranya. Sale da matarsa sun daɗe da rasuwa, amma ɗiyarsu Indo tana nan, ita ma da jikoki. Ta shimfiɗa mani tabarma, ta kawo fura. Na ce ba zan sha ba sai na yi magana. Na kwance ƙullin na ajiye gabanta.

Ta duba ta ce, “Na makubar ne ko? Ai mun sani, Inna.”

Na ce, “Kun san me?”

Ta ce, “Ina 'yar shekara bakwai Baba Guduma ya zo, kwana arba'in bayan abin, hannunsa a ɗaure. Ya durƙusa gaban babanmu a nan inda kike. Kin san sai an yi mashi ihu yake ji. Tau, ihu ya yi, har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Ya ce, ‘Sale, ni na jiƙa zarena a makuba! Ni na cuce ka! Ka yafe mani!’ Sau uku ya faɗa kafin baba ya gane.”

Na ce, “Ya ce shi ya jiƙa?”

Ta ce, “Da bakinsa. Baba ya yi ta kallon shi, sannan ya jawo ƙwaryar tuwo ya tura tsakaninsu. Amma mutanen gari ba su yafe ba. Duk shekarun da ya yi yana noma mana, in ya wuce a keke babu mai amsa mashi sallama. Macuci suke ce mashi. Har gobe in tsofaffi na zancen, haka suke cewa.”

Binta ce ta riƙe ni. Damina goma sha ɗaya yana tashi daga garin da ake yi mashi kirari, ya tuƙa keke zuwa garin da ake tofar da yawu in ya wuce, ya dawo ya ci tuwon da na tuƙa, ya ce sannu da aiki.

Na gaya wa Indo gaskiya duka, tun daga rijiya. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, “Ba ni aka nausa ba, Inna. Wanda aka nausa ya yafe tun ranar. Ni abin da na sani, mutumin nan shi ya ciyar da mu, shi ya yi mani kayan ɗaki. In kina son yin wani abu, ki cire mashi sunan nan da ke bakin mutanenmu.”

Shi ya sa na ce a kai wannan labari jarida.

Ku masu gardamar zaure, ku ci gaba da auna na rediyo da na waya, ban hana ku ba, amma ku cire maigidana daga lissafinku. Naushin da kuke taƙama da shi rabinsa daɓen ɗaki ne. Hannunsa na gaskiya Sale ya riga ya auna shi shekara guda kafin nan, ya kuma kayar da shi. In kofi za ku yi, ga sunan da ya cancanta. In kuwa ƙarfin Guduma kuke son sani, ku je Bauranya a nuna maku gonar, tana nan gabas da gari, ku tuna da yatsu biyu karyayyu ya nome ta.

Ban san ya yi ƙarya ya rufa mani asiri a bayan idona ba sai bana. Ina roƙon Allah ya yafe mashi ita, ya mayar da nauyinta kaina, tunda don ni aka yi ta. Allah ya jiƙan Sale, ya jiƙan wanda ban taɓa kiran sunansa ba.

Sani, in jaridar ta fito ka karanta wa abokanka a zaure. Ranar Juma'a kuma ka tafi Bauranya, ka jira a sauko daga masallaci, ka tsaya inda kowa zai ji. Kada ka karanta da ƙaramar murya. Ka ɗaga ta yadda ubanka ya ɗaga tashi, ka ce masu Tabawa matar Guduma ta ce ba shi ba ne. Ni na jiƙa zaren.