Jar Kanwa a Ƙirjin Inna

Har gobe in na ji ƙanshin miyar yakuwa, Kawu nake tunawa, raina kuma ya ɓaci.

A ƙauyenmu, can bayan Tofa, duk yarinyar da ta isa riƙe ludayi ta san in yakuwa ta cika tsami, kanwa ake jefa mata. Iyakar ilimin Kawu ke nan, shi ma a bakin murhu ya tsinta, wajen jiran tuwo. Amma in ka ji shi a zaure, sai ka rantse likita ne.

Ina 'yar shekara tara ƙullutu ya fito wa kakata, Inna, a nono. Mahaifiyata ta roƙi direban motar tumatir ta Watari ya kai su asibitin birni, ya yarda. Ranar tafiya Kawu ya tare ƙofa, ya turo hula gaba.

"Ba inda Inna za ta. Yanka mutane suke yi. Tsami ne ya tarar mata, a kawo kanwa."

Shi ne babban ɗa, wa zai ja da shi? Damina guda ana jiƙa jar kanwa, a ba ta ta sha, a shafa mata, har fata ta saɓule. Inna tana cije leɓe tana sa masa albarka. Ba ta ga girbin gero ba.

Yau a ɗakin bincike nake aiki. Ana kawo mana tsokar ciwon daji da likitoci suka cire, mu yanka ta siririya kamar fatar albasa, mu shimfiɗa a gilashi. Na'ura ta bi ta ɗigo-ɗigo tana auna nauyin sinadaran ciki, ta fito da hoto mai launi: nan tsami ya yi yawa, nan da sauƙi. Gaskiya ne, ciwon yana tara tsami. Sai dai kanwa ba ta kashe shi.

Da Sallar bara na je gaishe shi, bakina ya suɓuce na faɗi haka. Kawu, tsofai-tsofai da shi, ya bugi cinya.

"Kun ji ko? Sai da aka ƙera inji kafin a yarda da ni!"

Kai jama'a, ko kunya babu! Na ce, "Sai ka je maƙabarta ka yi wa Inna albishir, Kawu."

Ko a jikinsa.

Yanzu kwalta ta iso ƙofar gida, asibiti ba nisa. Amma an ce mata biyu ne ke zuwa karɓar kanwa wajensa, wai 'yarsa mai aikin inji ta tabbatar.