Ciyayyar Ƙofar Gidanmu

Mijina manomin shinkafa ne a fadamar kogin Hadejia. Tun ina amarya nake ganinsa yana dawowa da taɓo har gwiwa, ya wanke hannu, ya tashi da malmala biyu kafin in ɗebo masa ruwan sha. Haka duk mazan layinmu suke ci, kamar ana korarsu.

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata da komai, a shekarar ya fara ramewa. Ya sha ruwa, ya zagaya, ya dawo ya sake sha. A asibiti aka ce ciwon suga ne. Ma'aikaciyar ta zaunar da mu, ta ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai an gyara ci. Ta ce ya zauna, ya tauna a hankali, ya huta tsakanin loma da loma, in ya ji cikinsa ya ɗauka ya tsame hannu. Tuwon shinkafa kada ya wuce dunƙulen hannunsa, sauran kwanon ganye da kifi.

"Shinkafar da na noma da hannuna?" in ji shi.

"Ita fa, Baba. Ba a hana ka ba, rage maka aka yi."

Ɗanmu da ke Kano ya aiko da 'yar na'urar gwaji. Ni ke huda masa yatsa da safe, ni ke karanta lambar, don lambobi na fara iyawa a aji. Sai ya laƙaba mini Malama.

"To Malama, yau na ci jarrabawar ko na faɗi?"

Yawanci faɗuwa yake yi, kuma na san dalili. Bayan magariba mazan layinmu kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, kowane gida ya fito da kwanonsa, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Tun iyayensu ake wannan ciyayyar. Wanda ya ci na wani gida ya ƙi na wani, ya yi wa mai gidan cin fuska. Wanda ya tsaya tauna kuwa, sai a tambaye shi ko haƙori ke damunsa. To ina hutu tsakanin loma da loma a nan?

Na fara fitar da kwaɗon zogale a madadin tuwo. Ina jinsu daga zaure suna dariya, wani yana cewa matar boko ta mai da su awaki. Suka cinye, suka ɗora da shinkafa da mai.

Ran nan na tare amininsa, wanda suka tashi tare, a bakin zaure.

"Alhaji, ku taimake ni. In ya ci kwano ɗaya ku ce masa ya isa."

"Haba, Hajiya. Mutum da ƙofar gidansa, mu ce masa ya tsame hannu? Da wane baki?"

"Da bakin da za ku yi mini gaisuwar mutuwa," na ce.

Ya juya ya tafi. Maganar ta koma kunnen mijina, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. A na ukun ya ce in zuba masa a ɗaki.

Ya yi wajen wata biyu yana ci a gabana. Yana tauna a hankali yadda aka ce, har ya ce ashe miyar kuka da busasshen kifi tana da daɗi haka, bai taɓa tsayawa ya ji ba. Lambar ta sauko. Jirin da yake fama da shi ya sake shi. Amma in aka fashe da dariya a waje, sai hannunsa ya tsaya a cikin kwano, ya karkata kai wajen katanga. Ya daina tsokanata. Ya daina ba ni labarin ruwa da tsuntsayen da ke cin shinkafa.

Wata magariba ya ɗauki kwanonsa ya nufi zaure. Na sha gabansa.

"Malam, ka san abin da kake yi?"

"Na sani. Ni ba mara lafiya kaɗai ba ne, mutum ne ni. Matsa."

Na matsa. Ban ce ya yi daidai ba, har yau ban ce ba.

Da damina wani abu ya yanke shi a tafin ƙafa cikin ruwan gona. Bai ma ji ba, ni na ga jinin. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya hau. Aka kwantar da shi, aka yanke yatsu, aka ce sai an ƙara sama. Jikin bai jira ba.

A kwanakin ƙarshe ya ƙi cin komai daga hannuna. Amininsa ya zo da kwanon faten wake daga gidansa, ya zauna a gefen gado, ya ce ai shi ba ya iya ci shi kaɗai. Ya ci cokali ɗaya, ya ba shi ɗaya. Mijina ya daɗe yana juya kowane a baki kafin ya haɗiye. Ya dube ni ta gefen ido.

"Malama, kin ga yadda nake tauna?"

Na ce na gani. Na fita na tsaya bayan ɗakin, na toshe bakina da mayafi.

Da ya rasu, mazan layinmu sun zo gaisuwa dukkansu, sun zauna har aka yi bakwai. Da amininsa ya leƙo ya ce Allah ya ba ni haƙuri, na buɗe baki in faɗa masa abin da na tanada. Sai na ga yadda rigarsa ta yi masa yawa, da yadda leɓensa ya bushe. Na tambaye shi yaushe rabonsa da a gwada jininsa. Ya sunkuyar da kai, ya ce bai taɓa ba.