Malaminmu Dogo Ne

Shekara talatin da ɗaya Mushe Mala, wato Malam Mala a bakin 'yan boko, ya yi yana koyar da rubutun labari a wata lakwal, makarantar boko ta Mirriya, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa barin yaro ya ba da labari ba. Gwanintar ke nan. A ganinsa in ka sakar wa yaro bik ya yi rubutun kansa, shirme zai zubo maka, kalma goma kuskure ashirin. Saboda haka shi ke rubuta labarin a allo da Faransancinsa mai maiƙo, yara su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su juye shi yadda yake.

Labaran nasa uku ne rak. A na farko, yaran da ko tafkin Gidimuni ba su taɓa wucewa ba duk sun yi hutu a bakin teku. Na biyu kasuwa ce wadda ba ƙuda ko ɗaya. Na ukun shi ne abin alfaharinsa: "Malaminmu dogo ne, mai fara'a, yana son mu kamar 'ya'yansa." Mushe Mala kuwa sai ya taka benci yake goge saman allo, fara'arsa kuma daga salla sai salla.

Sau ɗaya aka yi masa tawaye. Wata yarinya, Raudatu, ta rubuta yadda akuyar kakarta ta cinye rabin tabarmar liman, liman ya bi ta da carbi a hannu. Mala ya karanta a ofis ya yi dariya har da hawaye, sannan ya fito ya zabga mata sifiri gaban aji.

"Wannan hira ce ta bakin rijiya, ba ilimi ba!"

Da lokacin ajiye aiki ya zo, darektan lakwal ya nemi tsofaffin ɗalibai kowa ya rubuto abin da ya tuna da Mushe. Abin ya shiga ran Mala ƙwarai. Allah bai ba shi haihuwa ba, yaran nan su ne duk abin da ya tara, yana so ya ji da kunnensa abin da ya bari a zukatansu. Har sabuwar riga ya ɗinka a Damagaram.

Ranar bikin sallamar, wani jandarma cikin tsofaffin ɗaliban ya fara miƙewa, ya gyara murya. "Malaminmu dogo ne, mai fara'a..."

Aka tafa. Wata ma'aikaciyar asibiti ta biyo, ita ma malaminta dogo ne. Haka tela, haka direban da ke jigilar Damagaram. Takarda goma sha bakwai, ko waƙafi bai ɓace ba. Ba ba'a suke masa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Kowa na gamawa sai ya dube shi yana jiran a ce madalla.

Can ya hango Raudatu, goye da ɗa, da takarda a hannu. Zuciyarsa ta yi sanyi.

"Raudatu, ke kam faɗi naki. Ko irin na akuyar nan ne."

Ta rusuna da ladabi. "Haba Mushe, ai na ji magana. Tun ranar ban ƙara ba."

Ta warware takardar, ta ɗaga murya yadda ya koya musu.

"Malaminmu dogo ne."