Wardin Yakubu Ya Bar Bowie

Wheaton, shida saura kwata

Ranar wata Asabar a farkon watan Maris, ina idar da sallar asuba na tada tasi ɗina. Sanyin da ake yi, ku mutanen gida ba za ku gane ba: in ka yi tsaki, a leɓenka zai daskare. A bayan mota na saka buhu biyu, igiya, da fartanyar da na zo da ita tun daga Zariya.

Bari in faɗa muku dalilin tafiyar. Yakubu mutumin Kagoro ne, nas a wani asibiti a nan Amurka, abokina na shekara tara. A watan Nuwamba Allah ya yi masa rasuwa, ya bar matarsa Saratu da yara. Kwana uku kafin nan ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, Saratu ba za ta iya da gidan nan ita kaɗai ba. In an sayar, kar ka bar min wardina." Na ce to. Ni ɗin da na shekara shida ina masa tsiya, wai ɗan manomi ya ƙetaro teku, ya samu fili, ya rasa abin shukawa sai furen wardi, ƙaya zalla.

Sai na zauna jiran damina, don a saninmu ba a dashe sai ruwa ya sauka. Ina nan zaune aka sayar da gidan nasa na Bowie. A Asabar ɗin nan ƙarfe sha biyu za a miƙa makulli.

Greenbelt, shida da kwata

Mil sha biyu ne ta babbar hanyar Beltway, babu shinge, babu mai cewa "me ka kawo mana". Saratu na tsaye a ƙofar benen da ta koma da yaranta, hawa na uku, inda ko albasa ba ta da wurin tsayawa. Ta miƙo min ƙosai a takarda.

"Baban Hauwa, ka dai tuna da mu."

"Maman Ladi, ni da mantuwa? Damina nake jira."

"Wace damina a Maryland?"

Na buɗe mata ƙofar mota ta shiga. Muka tsaya a gidan mai na sayi kofi biyu, dala ɗaya, ruwan zafi ne kawai da aka nuna wa kofi daga nesa. Daga nan zuwa Bowie mil goma ne da ɗoriya.

Bowie, bakwai daidai

Muka zagaya bayan gida. Wardin da na sani ya fi ni tsawo, furensa ruwan hoda, ƙamshinsa har titi. Abin da na tarar kuwa ƙirare ne, ba ganye ko ɗaya, ko akuya ba za ta kalle shi sau biyu ba. Wata huɗu ba wanda ya ba shi ruwa, kuma ni aka bar wa.

Saratu ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ya bi mai shi. Mu tafi."

Na ɗauki buhuna ke nan, sai muka ji murya ta kan shinge. Maƙwabciyarsu ce, wata tsohuwa baƙar fata 'yar ƙasar nan, da rigar sanyi a kan ta barci. Ita ta ba Yakubu reshen tun farko.

"Ina za ku babu shi?"

Na ce, "Mama, ya mutu. Ni na kashe shi."

Ta zagayo da sandarta, ta kama reshe ɗaya, ta kankare ɓawon da farce. Kore shar. Ta ce, "Barci yake. Kai direba ne ko?"

"Ya aka yi kika sani?"

"Wanda ke kallon ƙasa, ba titi ba, ba zai faɗi haka ba."

Ta ce wannan ba irin na kanti ba ne mai son magani da lallashi. Kakarta ta shuka uwarsa a ƙauyensu can kudu, an tashe shi gida uku, ƙanƙara ta rufe shi ba adadi. Kuma yanzu da yake barci ne lokacin tashinsa. Da na jira ya yi ganye kamar yadda na so, da a hanya zai mutu.

Ta zauna a kan bokiti tana ba da umarni kamar sajan. Aka rage rassan zuwa gwiwa. Ta raina fartanyata, ta aike ni na ɗauko shebur ɗinta. Na haƙa da faɗi, na haƙa da zurfi, har na fara jin kamar zan ɓullo a Tudun Wada. Ƙaya ta yi min zane a hannu kamar na gado. Saratu ta durƙusa a ƙasa mai sanyi, ta naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu da kanta, ba ta bari na taɓa ba. Sha ɗaya da minti ashirin muka ɗaure. Tsohuwa ta ce, "Inda rana ta fi daɗewa za ka sa shi. Kar ka yi masa rowa."

Komawa

A Greenbelt, kafin ta sauka, Saratu ta ce, "A ina za ka sa shi?"

Na ce akwai wuri. Ta san bayan gidan hayana bai fi tabarma uku ba, kuma ta san wurin da rana ke faɗawa ɗaya ne tak, inda nake shuka yakuwa duk shekara.

Ƙarfe ɗaya saura na iso Wheaton. Hajara matata ta leƙo ta taga ta gan ni ina haƙa.

"Malam, wurin yakuwar ne fa. Kai da ka rantse abin da ba a miya da shi ba zai shiga gonarka ba?"

Na ce, "Kawo ruwa."

Ta kawo. Na danne ƙasa da ƙafa, na zuba bokiti biyu.

Alhamdu lillahi, mun je lafiya mun dawo lafiya. Godiya ga tsohuwar da ko sunanta ban tambaya ba, da Maman Ladi da ba ta ce min komai ba kan wata huɗun nan. Yau kwana sha tara, da safe na ga jajayen toho guda uku. Na tsaya a kansa na ce, "To, ɗan Kagoro, ka ci. Bana ba miyar yakuwa."