Gangar da Ban Buɗe Ba

A Ranuna aka haife ni, wata unguwa kusa da masallacin Kuba, a birnin Manzon Allah. Kakana da ƙafa ya zo hajji daga ƙasar Hausa, bai koma ba. Mahaifina tela ne, irin wanda in ɗinki ya karkace sai ya farke shi duka, ko mai kayan bai lura ba. Kaicona, ban gado shi ba.

Na samu aiki a Yanbu, wani gari a bakin teku, a wani ƙaramin kamfani mai duba kayan ceto na jiragen ruwa. Kowane jirgi yana ɗauke da farar ganga, a cikinta an naɗe kwale-kwalen roba. In jirgi zai nutse sai a jefa ta ruwa, a ja igiya, ya kumbura da kansa. Aikina in buɗe gangar, in hura kwale-kwalen, in duba ko yana yoyo, in sa hannu, in buga hatimi. A shekarun nan dokar teku ta ƙara tsanani: jirgi ba ya barin tasha sai da wannan takarda, ɗauke da sunan wanda ya duba.

Wata rana wani kyaftin mai sauri ya ajiye min kwalbar turare, ya ce, "Ya akhi, gangar nan sabuwa ce fil, sa hannu kawai." Na sa. Ba abin da ya faru, kuma wannan ne ya cuce ni. Daga turare aka koma agogo, daga agogo sai kuɗi a ambulan. Kafin shekara biyu na daina buɗe ganga gaba ɗaya, sai dai in goge mata ƙura. Har dariya nake wa abokan aikina masu zufa a rana.

Bashir abokina ne tun muna yara, gidanmu na kallon nasu. Ni na samo masa aikin kuku a wani ƙaramin jirgin kaya. Ni kuma na sa hannu a gangar jirgin, ina shan shayi.

Jirgin ya kife da rana tsaka. Waɗanda suka tsira sun ce sun ja igiya, sun sake ja, robar ta fito a ruɓe. Bashir bai iya ruwa ba.

A kotu lauyan mai jirgin ya ɗaga takarda ya ce sun cika abin da doka ta ce, ga shaida. Aka shimfiɗa robar a gaban alƙali, duk ta manne da juna. Ya dube ni ya ce, "Ka buɗe ta?" Na soma kame-kame. Ya ce, "E ko a'a." Na ce a'a. Aka ɗaure ni. Ina kurkuku mahaifina ya rasu, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a ba ni nan.

Da aka sake ni, sai da na yi wata guda kafin na iya tsallaka titi zuwa wurin mahaifiyar Bashir, Khala Rabi. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce ta yafe min. Ta ɗaga labule ta dube ni. Can ta ce, "Ya waladi, abu ɗaya nake so in sani. Buɗe gangar nan, tsawon wane lokaci yake ci?"

Na ce, "Daga azahar zuwa la'asar, Khala."

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan. Ta ce ta bar ni da Allah, ta saki labule.

Na tuba, ina kuma roƙon gafara kullum. Ku samari, wallahi ban taɓa fasa gidan kowa ba, ban taɓa riƙe wuƙa ba. Biro kawai na riƙe. In aka miƙo muku takarda aka ce sa hannu kawai, ku tashi ku je ku duba da idonku. Ni har yau in aka kira la'asar sai in ce a raina, da yanzu na gama.